Na je Kenya neman sirrin shanun madara

Asara ce ta kai ni Kenya, ba yawon buɗe ido ba. A 2022 na sayi karsana uku Firiziyan, irin baƙi da farin nan na Holan, a hannun wani mai gona da ba sai na kama suna ba, na kai su ƴar gonata dake wajen Kura na yi musu rumfar kwano mai kyau. Lokacin hunturu komai lafiya lau, har mutane ke zuwa kallo. Bazara na shigowa labari ya canza. A watan Afrilu da zafi ya haura 40 sai ka gansu tsaye baki buɗe, harshe a waje, yawu na dalala, haki kamar wanda aka koro, ga dusa ga harawa a gabansu amma ko kallo basa yi. Ɗaya tayi ɓari, ɗaya ta kwanta bata tashi ba, ta ukun kuma da damina ta faɗi kirci ya cinye mata baya. Baffa, dattijon bafulatanin dake kula min da shanu, tun ranar da aka sauke su daga mota ya zagaya su sau biyu yace "Alhaji, waɗannan ba na ƙasar nan bane." Abin ya tsaya min a rai sosai, don kullum ina ganin bidiyon matan Kenya suna tatsar lita ashirin lita talatin daga irin waɗannan shanun, kuma Kenya ai Afirka ce, layin da ya raba duniya biyu ma ta cikinta ya ratsa. To me suke yi da bamu yi?

Ina da ƙani, ɗan kawuna, dake karatun likitan dabbobi a jami'ar Nairobi ɓangaren Kabete. Shi yace Yaya ka daina tambayata a waya, kazo ka gani da idonka. A watan Fabrairun 2024 na cike takardar izinin shiga ta intanet, na nemo katin rigakafin shawara, na hau jirgin Habasha daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa sannan muka ƙarasa Nairobi cikin dare.

Abu na farko da ya tare ni a ƙofar filin jirgi shine sanyi. Na baro Kano an fara kunna fanka, ga shi nan ina neman rigar sanyi a jaka. Ƙanina ya kaini unguwar Eastleigh inda Somaliyawa suka fi yawa, saboda masallatai da abincin halal, na kama ɗaki a shilin 2,000 kwana ɗaya. A lokacin shilin ɗaya kusan naira goma yake, don haka duk abinda aka faɗa min sai in ƙara sifili ɗaya a raina, wani lokacin gabana ya faɗi. Kuɗi a hannu ma ba kowa ke damuwa dashi ba, mai shayi, mai babur, kwandastan mota, kowa M-Pesa, wato biyan kuɗi ta waya, sai da ƙanina ya dinga biya min ina bashi.

Da safe aka kawo shayi, wallahi madarar tafi ruwan yawa, kuma ta saniya ce ba ta gari ba. A bakin titi naga wani injin a shago, mace tazo da gorarta ta biya shilin ashirin injin ya zubo mata madara daidai kuɗinta. Na tsaya ina kallo har ƙanina ya jani. Mu da muke da shanu miliyoyi, yaro a Kano zai girma bai san ɗanɗanon madara ba sai ta leda da ake shigowa da ita daga waje, in ka cire fura da nono da kindirmo. Wannan ya min ciwo.

Kwana biyu da zuwa muka hau matatu, wato bas ɗinsu na haya, zuwa Githunguri a yankin Kiambu, tafiyar bata kai awa biyu ba. Hanyar hawa ce kawai, jar ƙasa, gonakin kofi da ganyen shayi shar dasu. Sau ɗaya ƴan sanda suka tsayar damu, sun shimfiɗa ƙarfe mai ƙusoshi a titi, suka duba takardun direba muka wuce, ba wanda ya ce da fasinja uffan. Tun kafin mu shiga gari muke cin karo da babura da amalanken jakuna ɗauke da tulunan alminiyom na madara, wasu kuma sun ɗauko ciyawa har bata bari a ga mai tuƙin.

Matar da muka je wajenta ƴar kabilar Kikuyu ce, zata yi shekara hamsin da ɗoriya, ƙanina yana ce mata Mama nima na bi bakinsa. Gonarta gaba ɗaya bata kai eka biyu ba amma shanu biyar gareta, huɗu Firiziyan ɗaya Eyasha, ita ma ta turawa ce mai ja da fari, kuma basa fita ko nan da can. Suna cikin rumfa, kowace da wurin kwanciyarta, abinci ake yankowa a kawo musu. Ciyawar nafiya, wata doguwar ciyawa da ake dasawa don shanu, ita ce ta cinye rabin gonar, ana saka ta a inji a daddatsa, tunda kuma lokacin rani ne a wajensu sai ta buɗe mana ramin da ta adana ɗanyar masara da karanta tun damina, ƙamshinsa kamar tsami-tsami, shanun na rububinsa. Kashin shanun ma bata yarwa, shi ke bata iskar gas ɗin girki, ragowar ya koma gona. A gabana aka tatsi babbar cikinsu, bokiti ya cika aka sako wani, tace wannan takan bada lita 25 a rana in tana kan ganiyarta. Hantsar kamar zata taɓa ƙasa. Na tuna farar saniyar Baffa da in ta bada lita biyu bayan maraƙi ya sha sai muce yau an dace.

Ta nuna min katinta na ƙungiya. Ƙungiyar masu madara ta Githunguri tun 1961 aka kafa ta, manoma 31 suka fara, yanzu sune masu madarar Fresha da na gani a kowane shago a Nairobi. Tana kai madara wurin awo kusa da gida, a gwada a auna a rubuta, ƙarshen wata kuɗi ya shigo, lita ɗaya wajen shilin 45 zuwa 50 a lokacin. Abincin shanu, magani, allurar barbara, duk zata iya ɗauka bashi a cire a kuɗin madara. Ko da ta tatsa da asuba bata tunanin wa zai saya. Ni kuwa lokacin da nawa ke bada madara rabin wahalata neman mai saye ce kafin ta lalace.

Sai na bata labarin shanuna, ƙanina na fassarawa. Tayi shiru, sannan ta tambaya zafin garinmu nawa yake kaiwa. Da aka ce mata 42 sai ta dafe ƙirji, tace a nan in rana ta ɗan yi zafi kwana biyu a jere tana ganin madara ta ragu a bokiti. Na duba waya, ƙarfe ɗaya na rana, zafin wurin maki 24 ne.

A mota kan hanyar dawowa ƙanina ya warware min zare da abawa. Yace Yaya, ba Afirka ce magana ba, tudu ne. Kano bata kai mita 500 daga saman teku ba, Nairobi kusan 1,800, inda muka baro yana neman 2,000, kuma duk mita dubu da ka hau zafi na sauka da kamar maki shida. Saniyar dake bada madara da yawa ita kanta murhu ce, tana cin abinci mai yawa, tumbinta na dafa shi, zafin na fita ta jikinta, in iskar waje tayi sanyi sai ya tafi, in kuwa waje ya fi jikinta zafi ina zai je? Firiziyan daga maki 25 ta fara jin jiki, sai ta rage ci don ta rage wutar cikinta, madara ta sauka, ta daina nuna alamar neman bijimi, in ma an yi barbarar cikin baya zama. Shanunmu masu tozo kuwa gashinsu gajere ne mai santsi, fatarsu sakwa-sakwa, suna fidda gumi fiye da na turawa, kaska ma bata samun yadda take so a jikinsu. Yace shi yasa a gida inda Firiziyan ke ɗan sakewa shine irinsu Vom a Filato da tsaunin Mambila. Nayi shiru har muka shigo gari. Wato ba abinci na gaza basu ba, ba magani ba, a tukunya na ajiye su, har da murfin kwano.

Washegari muka kama hanyar Naivasha, kilomita kamar 90, shilin ɗari huɗu kowa. Bayan Limuru akwai inda hanya ke bi ta bakin gangare, ƙasa ta tsage ta yi wani irin kwari da ido baya ganin ƙarshensa, dutsen Longonot a tsakiya. Duk wanda ya tsaya a wurin sai yayi tasbihi. Muna gangarawa kore ya ƙare, ƙasa ta koma fara-fara, itatuwan ƙaya, ƙura, sai naji kamar na doshi Gumel, banda jakunan dawa da na gani suna kiwo a gefen titi kamar awakin unguwa.

A Naivasha akwai cibiyar binciken shanun madara ta gwamnati ƙarƙashin KALRO, hukumar binciken noma da dabbobi ta Kenya, a nan garken shanun Sahiwal na ƙasa yake tun farkon shekarun 1960. Asalin irin daga yankin Punjab ne, sunan wani gari a Pakistan suka ci, kuma tun 1939 aka fara shigo dasu Kenya. Da na hango su sai da naji wani sanyi a raina, don kamar na san su. Jajaye ne, ja mai duhu, ga tozo, ƙaho ɗan guntu, fatar wuya na reto har ƙirji, ƙirar jikin sak bokolon Sakkwato in ka canza masa launi. Tsakar rana suna kiwo a fili hankalinsu kwance, ba mai haki, busasshiyar ciyawa suke ci irin wadda Firiziyan zata shinshina ta wuce.

Wani ma'aikaci mai kirki ya zagaya damu. Na tambaye shi lita nawa, yace ta kirki biyar zuwa takwas a rana a kan kiwo kawai, wasu su ɗara. Ya ga fuskata ta ɗan canza don jiya na ga 25, sai yayi dariya yace in tambayi Mama nawa take kashewa kafin ta samu 25 ɗin, da kuma abinda zai faru in an kai saniyar tata Kajiado, busasshen yankin makiyayan Masai, wata ɗaya. Yace makiyayan Masai daga Narok da Kajiado sukan zo nan sayen bijimai su saka a garkensu, kuma Masai ba mutanen da zaka yaudara a kan saniya bane, kamar Fulaninmu suke. Abinda yafi burge ni shine an shafe shekara sittin ana rubuta madarar kowace saniya, ana zaɓen mai kyau ana fitar da marar kyau. Ita Sahiwal ɗin ba daga sama ta faɗo da madara ba, zaɓe ne na shekara da shekaru. Sai na tuna a Nijar ma akwai tashar Tukunus kusa da Filinge inda aka daɗe ana irin wannan aikin a kan shanun Azawak. Mu kuwa bunajinmu da bokolo da wadara, a kowane garke akwai wadda matan ruga suka san ta fi sauran nono, amma ba mai rubutawa, kuma in sallah tazo ɗanta ake fara kaiwa kasuwa saboda yafi girma.

A garin muka kwana, muka ci ugali, wato tuwon masararsu mai tauri da ba miya sai soyayyen ganye, da gasasshen naman akuya. Naman yayi daɗi, amma ba yaji ba ƙuli, na dinga kewar tsire.

Duk da haka zuciyata bata kwanta ba, saboda Naivasha ma tudu ce, da daddare sai da na rufa da bargo biyu. Nace ni fa inda ake zafi na gaske nake son gani. Ƙanina yace to sai bakin teku. Muka koma Nairobi muka hau jirgin ƙasa na safe zuwa Mombasa, shilin 1,500. Binciken tashar ya fi na filin jirgi tsanani, a jera jakunkuna a ƙasa kowa ya ja baya, kare ya bi yana shinshinawa, sannan a saka a na'ura. Jirgin ya tashi a kan minti. Awa shida muna gangarawa, wajen Kibwezi na fara ganin bishiyar kuka, nace to mun fara zuwa gida, a dajin Tsavo kuma muka ga giwaye jajaye saboda ƙasar da suke birgima a ciki. Muna sauka zafi ya rufe ni, irin mai danshin nan na Legas da riga ke manne wa mutum a baya.

Daga Mombasa muka bi ta Mtwapa zuwa Kilifi, gonakin sisal, tsiron da ake igiya da zarensa, da na kwakwa hagu da dama. Nan kam musulmi ne da yawa, sallama ko'ina, kiran sallah, shinkafa mai kayan ƙamshi da kifi da ruwan kwakwa, ɗakin kwana shilin 1,500 da gidan sauro da fanka. Wani abokin karatun ƙanina ne ya haɗa mu da wani dattijo a bayan gari, Mzee ake ce masa, kamar dai muce Baba.

Shanunsa uku ne, ba baƙi da fari ko ɗaya. Ɗaya ja ce mai ɗan ƙaramin tozo, ruwa biyu tsakanin Sahiwal da Eyasha, biyun kuma ƙanana ne masu launin ƙasa da manyan idanu, jinin Jazi, wani irin shanun turawa. Yace akwai wata babbar gonar sisal a Kilifi da ta daɗe tana haɗa Sahiwal da shanun turawa, daga irin wajen ne jinin ya bazu a yankin. Rumfarsa na fara kallo. Doguwa ce sosai, rufin ganyen kwakwa, ba bango ko ɗaya, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, iska na shiga ta ko'ina. Na tsaya a ciki naji bambancin a jikina. Ruwa a gabansu dare da rana, yace mai shayarwa a zafi zata iya shanye jarka huɗu ko biyar a yini, kuma abinci mai nauyi da asuba da bayan la'asar yake basu, tsakar rana su kwanta suyi tuƙa. Duk sati yana musu feshin kaska, ga kuma tsando a yankin, don haka maganin sammore baya yankewa a gidan.

Lita takwas zuwa goma kowace ke bashi. Shima ya taɓa sayo Firiziyan zalla daga tudu, yace wata uku ta burge shi, daga nan ta shekara biyu bata ɗauki ciki ba, ya sayar wa mahauta. Ya nuna jar saniyar yace wannan haihuwarta bakwai, kusan duk shekara, da ita ya biya wa yara makaranta, kuma shi baya ƙirga madarar rana ɗaya, ta shekara goma yake ƙirgawa har da maruƙan. Ya kuma ja min kunne a kan abu ɗaya da ƙanina ya tabbatar: ƴar farko ta ruwa biyu ita ce mai albarka, tana ɗauko madarar uba da juriyar uwa, amma in ka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu jikokin basa kai iyayen, in kuma ka dinga ƙara jinin turawa a kai a kai zaka wayi gari ka koma gidan jiya. Shi yasa yake juyawa, wannan karon na turawa, karo na gaba Sahiwal. Ƙanina ya ƙara da cewa a Birazil, ƙasa mai zafi, haka suka yi da Firiziyan da saniyar Gir ta Indiya har suka fitar da irin da suke kira Girolando, kashi biyar cikin takwas na turawa, uku na mai tozo. Sannan yace Yaya, a cibiyar binciken dabbobi ta Shika dake Zariya ma an shekara da shekaru ana haɗa Firiziyan da bunaji. Wannan maganar ta dake ni. Awa biyu daga gidana, ni kuma na tsallako har bakin tekun Indiya.

Matar Mzee ta dafa mana shayi da madarar jar saniyar, mai kauri, mai maiƙo. Da zamu tafi na ciro kuɗi ya ƙi karɓa, yace baƙo ne ni kuma ɗan uwa musulmi, in dai na koma in gaida masa makiyayin nawa, don daga labarin da na bayar ya gane mutumin ya san saniya.

Dawowa ba wani labari, jirgin ƙasa, kwana ɗaya a Eastleigh, Adis Ababa, Kano. Na sauka zafi ya fara kankama, azumi saura kwanaki.

Na isar wa Baffa da gaisuwar, yayi murmushi yace Allah ya saka. Mun zauna a gindin darbejiya na bashi labari tun daga farko, da na zo kan Sahiwal sai da ya sa na nuna masa hoton sau uku. Nace Baffa, a cikin shanun nan wacce tafi nono? Bai ko yi tunani ba ya kira huɗu da sunayensu, har da uwayensu da kakanninsu. Su muka ware, muka ƙaro bokolo biyu daga kasuwar Wudil, na sayi littafi da kofin awo na ba babban ɗansa yana rubuta abinda kowace ta bayar safe da yamma. Kwanon rumfar na cire shi, muka ɗaga ta sama muka rufa da zana da ciyawa, muka rushe bangon gabas da na yamma. Nafiya na dasa layi goma a bakin hanyar ruwan da ke zuwa daga Tiga, ta kama har an fara yanka. Da damina ta zauna shanun suka murmure, likita yazo yayi wa shidan allurar barbara, huɗu da Firiziyan biyu da Jazi. Uku sun ɗauka a karon farko, sauran za a sake musu. Sharaɗi ɗaya Baffa ya kafa min kuma na amince, in sun haihu ba za a taɓa nonon gaba biyu ba har maraƙi ya yi wata uku, nashi ne.